Kwana Bakwai a Tanti, Daga Aboabo Zuwa Bakin Teku

Ranar da na gaya wa Inna cewa za mu yi tafiyar mako guda zuwa kudu, abin da ta fara tambayata shi ne, "Wa ya rasu?" Na ce babu wanda ya rasu. Ta ce, "To bikin wa ake yi?" Na ce babu biki, za mu je ne yara su ga daji su ga teku, mu kwana a tanti. Ta ajiye carbinta a kan darduma, ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Ga gida, ga gado, ku tafi ku kwana a ƙasa?"

Ban ga laifinta ba. Mu mutanen Zango abu uku ke fitar da mu daga gari: ta'aziyya, biki, ko fatauci. Ni kaina na haura shekara arba'in a Kumasi, na je Ankara, babban birnin Gana, ya fi a ƙirga, amma daga tasha sai kasuwa, daga kasuwa sai tasha. Teku ta gilashin mota nake hango shi. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ranar da 'yata ta tsakiya, mai shekara 12, ta kawo aikin makaranta a kan dajin Kakum, tana ta haddace sunayen itatuwan da ba ta taɓa gani ba, alhali tsakaninmu da su bai wuce tafiyar rabin yini ba. Daga ranar na fara tara kuɗi.

Kwana biyu kafin mu tashi Inna ta aiko a kira ni. Ta ce, "Idan akwai wuri a motar, zan bi ku. Ban yarda a kai mini jikoki bakin ruwa ba ni ina nan zaune." Haka muka zama mu shida: ni, uwargida, Inna, babban ɗanmu mai shekara 15, 'yar tsakiya, da Auta mai shekara 7. Na ari ƙaramar bas ta ƙanena, muka cire kujerar baya. Tanti biyu na saya a wurin masu gwanjo, ɗaya sai da na kai wa tela ya sake masa zif. Uwargida ta haɗa gari, shinkafa, wake, manja, kwalba biyu na shito (soyayyen barkono), soyayyen nama, kurfoti da buhun gawayi, jarka huɗu na ruwan sha, buta uku, tabarmi da gidan sauro. Katifar Inna muka naɗe muka ɗaure a saman mota.

Ranar Lahadi a ƙarshen Disamba, bayan sallar asuba, muka bar Aboabo, unguwarmu a Kumasi, cikin hazon hunturu. Muka sha koko da ƙosai a mota. Daga Anwiankwanta muka ɗauki hanyar Cape Coast, muka hau tsaunukan Adansi, gonakin koko da na kwakwar manja dama da hagu. A Assin Praso na tsaya don yara su ga kogin Pra, na kuwa yi nadamar yadda suka gan shi. Ruwan ya koma kalar kunun kanwa saboda masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, abin da ake kira galamse. Wani dattijo da ke sayar da ayaba a bakin gada ya ce mana yana yaro a kogin nan suke wanka, suna hango duwatsun ƙasansa. Auta ta tambaya ko akwai kifi a ciki. Dattijon ya girgiza kai kawai.

A Assin Manso ban yi niyyar daɗewa ba, amma sai da muka yi awa biyu. Akwai wani rafi a can da ake kira Donko Nsuo, wato ruwan bayi. Nan ake tsayar da mutanen da aka koro daga arewa a ƙafa, a yi musu wankan ƙarshe, a aske su, a shafa musu mai don su yi kyan gani kafin a ƙarasa da su bakin teku. A harshen Tuwi kalmar donko bawan da aka sayo daga arewa take nufi. Akwai kaburbura biyu a wurin, na wasu bayi biyu da aka dawo da ƙasusuwansu a 1998, ɗaya daga Amurka, ɗaya daga Jamaika. Mai yi mana bayani ya ambaci kasuwar Salaga, sai na ga Inna ta gyara mayafi. Kakanta daga Kano ya taso da ayarin fataken goro zuwa Gwanja, ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar 1892 da ya watsa garin ya gangaro kudu, daga baya ya ƙare a Kumasi. Tun muna yara labarinsa muke ji, labarin jakuna da madugu da huhun goro.

Da muka koma mota ɗana ya ce, "Hajiya, kakanku goro kaɗai yake saye a Salaga?" Uwargida ta harare shi. Inna ta ce a ƙyale shi. Ta ce, "Ban sani ba, ɗan nan. Ban taɓa jin an ce ya sayi mutum ba. Amma kasuwa ɗaya ce, kuma akwai namu a cikin masu saye, akwai namu a cikin waɗanda aka saya. Allah Ya jiƙan waɗanda aka zalunta." Na gode mata a raina da ba ta rufe maganar ba. A ganina wannan ita ce amsar da ta dace a ba yaro, domin mun saba ba da labarin fatauci da alfahari, mu tsallake wannan gefen.

Muka isa Kakum da la'asar sakaliya, kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast. Tun a 1931 aka keɓe dajin, a 1992 ya zama gandun daji na ƙasa, faɗinsa kuma kusan murabba'in kilomita 375. Wani ma'aikacin gandun ya raka mu wurin kwana, inda aka yi dandamali na katako mai rufi. Da na ce zan kafa tanti ɗaya a ƙasa, ya nuna mini wani baƙin layi da ke ratsa hanya kamar an zuba igiya. Kwarkwasa ce. Ya ce idan ta biyo ta cikin tanti da dare, ba mai sake barci. Muka hau dandamali duka.

Ban taɓa sanin duhu yana da nauyi ba sai a daren nan. A Aboabo ko an ɗauke wuta akwai janareto, akwai fitilar mai shayi, akwai babur. A nan da na kashe tocila ban ga tafin hannuna ba. Sai ƙara ta taso ta ko'ina: gyare, kwaɗi, da wasu abubuwan da ban san sunansu ba, kowa da muryarsa. Maƙesu suna ta walƙiya a tsakanin ganye, Auta tana ƙirga su har ta ɓace a lissafi. Can wajen ƙarfe goma wani abu ya fara kuka a saman itace, a hankali da farko, yana ƙara ƙarfi yana ƙara sauri, har ya koma kamar ihun wanda ake yankawa. Inna ta tashi zaune tana karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Ni ma gabana ya faɗi, na riƙe hannun Auta. Da safe ma'aikacin ya ce agwadar bishiya ce, dabbar da ba ta fi zomo girma ba, haka take kiran 'yan uwanta kowane dare. Ya ce akwai giwayen kurmi a dajin, ƙanana ne a kan na arewa, amma suna can ciki, mutum sai ya yi shekaru yana aiki a nan bai ga ko ɗaya ba, sai dai sawunsu da kashinsu.

Amfanin kwana a ciki shi ne mun riga motocin baƙi hawa gadar sama. Hawan tudun da ke kaiwa wurin ya fi ƙarfin gwiwar Inna, don haka ta zauna a ƙasa da carbinta. A hanya ma'aikacin ya tsaya gaban wani itace mai saiwoyi kamar bangon ɗaki, ya ce onyina. Uwargida ta ɗaga kai ta ce, "Ai rimi ne!" Rimi ne kuwa, amma ya ninka duk wanda na sani tsawo, domin a kurmi kowane itace rige-rigen kaiwa ga rana yake yi, ba ya ɓata ƙarfinsa wajen yin rassa a ƙasa. Ya nuna mana odum da wawa da kafintoci ke nema, da kyenkyen wanda a da ake bugun ɓawonsa a yi tufa. 'Yar tsakiya tana taɓa kowanne tana faɗin sunansa kafin ya faɗa.

An buɗe gadar a 1995. Gada bakwai ce a jere, an ɗaure daga itace zuwa itace, jimillar tsawonsu ya haura mita 300, wani wurin kuma nisanta da ƙasa ya kai mita 40. Faɗinta katako ɗaya ne, an shimfiɗa a kan tsani, raga ta tare gefe biyu har ƙirji. Tana lilo da kowane taku. Uwargida ta shiga ta farko tana salati, ta kai tsakiya ta tsaya cak, ta ce ba gaba ba baya. 'Yar tsakiya ce ta juyo ta ce, "Mma, kar ki dubi ƙasa, ki dubi ɗankwalina," ta yi ta tafiya a hankali uwar na bin ta har suka kai dandamali. A gada ta huɗu na tsaya na duba. Hazo yana kwance a kan itatuwa kamar an shanya farin ƙyalle, wasu manyan tsuntsaye dangin cilakowa suka wuce, fikafikansu na ƙara kamar ana fifita da faifai. Muka ji birai suna motsi a rassa amma ba mu gan su sosai ba. Na ce Subhanallah, ban iya ƙara komai ba.

Da rana muka shiga Cape Coast, muka ci abinci kusa da kasuwar Kotokuraba, muka je kasul, tsohon ginin Turawa da ke kan duwatsun bakin ruwa. Mutanen Suwidin ne suka fara gini a wurin a 1653, daga baya ya koma hannun Ingilishi. An shigar da mu kurkukun maza na ƙarƙashin ƙasa, aka kashe fitila na ɗan lokaci. A saman kurkukun nan daidai aka yi ɗakin ibada. Auta ta fara kuka, na fito da ita kafin a kai ƙofar da ake fitar da mutane zuwa jirgi. Da na sani da na bar ta a waje tare da Inna tun farko. Shekara 7 ta yi kaɗan ga wurin nan.

A wani bakin ruwa yamma da Elmina muka kafa tanti a daren, a filin wani masauki da ke karɓar kuɗi kaɗan ya bar mutum ya yi amfani da banɗaki da famfo. Na zaɓi wuri mai laushi kusa da ruwa, na fara buga turaku. Mai gadin wurin ya zo ya ce, "Alhaji, dubi nan." Ya nuna mini layin ciyawar ruwa da ɓawon kwakwa da robobi a bayan inda na tsaya. Ya ce nan ruwa ya kai jiya da dare, kuma sau biyu yake cika ya janye a kowace rana. Sannan ya hana ni kafawa a ƙarƙashin itacen kwakwa, ya ce ƙwallo ɗaya ya faɗo a kan mai barci ya isa. Muka koma can baya. Turakun ƙarfe kuwa ba su kama yashi, sai da ya koya wa ɗana ya cika leda da yashi ya ɗaura igiya ya binne.

Magariba ta yi, Inna ta ce a kawo mata buta. Na ce ga teku nan gaba ɗaya, na tuna mata hadisin da ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Ta ce ta sani, tun tana makarantar allo ta ji shi, amma ba ta taɓa zaton za ta yi aiki da shi ba. Na riƙe hannunta muka taka har inda kumfa ke ƙarewa. Igiyar ruwa ta zo ta rufe mata idon sawu, da za ta koma ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarta, ta ƙanƙame ni ta ce, "Kai, yana ja!" Ta tsuguna ta ɗebo ta kurkure baki, ta tofar, ta yi dariya irin wadda na daɗe ban ji ta yi ba tun rasuwar Baba. Ta gama alwalarta tsaf. Muka fuskanci gabas, teku na hannun damanmu, muka yi sallah a kan tabarma iska na ɗaga gefenta.

Talata masunta ba su fita a wannan yanki, tsohuwar al'ada ce. Shi ya sa muka tarar da kwalekwalen Elmina cunkushe a bakin tafkin Benya, kowanne da tutoci da rubutu a jikinsa, wasu ayar Baibul, na ga ɗaya an rubuta masa Insha Allahu. Maza na zaune a inuwa suna ɗinkin taru. Kasul ɗin Elmina mutanen Fotugal suka gina shi a 1482, Holan ta ƙwace a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872, kuma a nan aka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896 kafin a fitar da shi daga ƙasar. Daga waje muka tsaya, na jiya ya ishe mu. Uwargida ta sayi ƙyafaffen kifi da dokunun Fante mai naɗin ganyen ayaba, muka kama hanyar yamma, muka ƙetare Pra a Beposo, muka ratsa Takoradi, daga Agona Nkwanta muka gangara Busua.

Kwana biyu muka yi a wajen, kuma su ne kwanakin da yara suka fi so. Da sassafe muka taya masunta jan taru daga gaɓa, mutum wajen talatin a igiya ɗaya, ana waƙa ana ja da baya. Mun fi awa muna ja. Da tarun ya fito rabinsa leda ne da ciyawar ruwa, kifin bai cika kwano uku ba. Duk da haka aka ba ɗana ƙananan kifi biyar ladan hannunsa, uwargida ta soya su a kurfoti muka ci da gari da shito. Muka taka zuwa Butre, muka hau tudun da kangon ginin Holan na 1656 yake, daga can ana ganin inda kogi ke shiga teku. Wani saurayi ya zaga da mu a kwalekwale cikin itatuwan da ke tsaye a ruwa da saiwoyinsu a waje, ƙaguwa na hawa suna sauka a jikinsu. Auta ta tara kwanson dodon koɗi cike da ɗankwalin uwarta.

Ranar Laraba da yamma abin da Inna ta ji tsoro ya kusa faruwa. Ɗana ya iya iyo, a kwamin wanka ya koya, yana kuma ji da kansa. Na ce kada ya wuce inda ruwa ya kai masa ƙugu. Ya zaɓi wani wuri da ya ga igiya ba ta fashewa, ruwan ya yi lumui, yana ganin nan ne ya fi aminci. Ina ɗaure igiyar shanya na ji 'yar tsakiya ta ƙwalla, "Baba, Yaya!" Na juyo na hango kansa ya yi nisa, yana ta bugun ruwa yana son dawowa, ruwan na ƙara tafiya da shi. Na ruga na shiga har ƙirji, ni da ban iya iyo ba. Wani ya riƙo rigata ta baya da ƙarfi. Kafin in fizge, wani matashi daga cikin masu hawan igiyar ruwa da allo ya riga ya faɗa, ya isa gare shi, ya ɗora shi a kan allon. Maimakon ya nufo mu kai tsaye sai ya bi gefe, a layi ɗaya da gaɓa, sai da suka fita daga wurin sannan igiya ta turo su. Duka bai fi minti biyar ba.

Ɗana ya durƙusa yana amayar da ruwa, uwarsa ta rungume shi tana kuka, Inna na tsaye ba ta ce uffan ba, leɓenta kawai ke motsi. Matashin ya zana mana abin a yashi da yatsa. Ruwan da igiyoyi ke turowa gaɓa dole ya koma, sai ya sami kwari ɗaya ya bi ta nan da gudu kamar kogi. Wurin ne ke yin kamar ya fi ko'ina kwanciya. Wanda ya faɗa kada ya yi kokawa da shi, ya bi gefe ko ya kwanta a kan ruwa ya ɗaga hannu. Ya ce yawancin waɗanda ruwa ke ci baƙi ne daga cikin ƙasa, ranakun hutu. Na ba shi kuɗi ya ƙi karɓa, sai da Inna ta kama hannunsa ta sa masa albarka da Hausa, shi kuma yana amsawa da amin. Kuskuren nawa ne. Na bi maganar mai gadi a kan inda zan kafa tanti, amma ban tambayi kowa inda yaro zai shiga ruwa ba. Duk wanda zai kai iyalinsa bakin teku, ina roƙonsa ya fara da wannan tambayar, kuma ya yi ta ga 'yan garin.

A daren na ce gobe mu koma gida. Uwargida ta goyi bayana. Inna ce ta ce a'a. Ta ce, "Idan kuka juya yanzu, abin da yaran nan za su riƙe ke nan har su tsufa. Allah Ya tsare, a ƙarasa." Da safe ita da kanta ta sa matashin ya riƙe ɗana suka sake shiga ruwa a inda ya dace, tana zaune a kan tabarma tana kallo.

Hanyar Cape Three Points ta ba mu wuya. Jar ƙasa ce mai ramuka, ta ratsa gonakin roba inda kowane itace ke da tsagi da ɗan kofi a ɗaure, sannan ta bi gefen wani kurmi da aka keɓe, wanda ke gangarowa kusa da teku. A wani kwari motar ta kafe a laka, sai da samari huɗu masu ɗauke da adda suka sa mana ganyen kwakwa a ƙarƙashin taya suka tura. An gano man fetur a tekun da ke daura da yankin nan a 2007, aka fara haƙowa a ƙarshen 2010, amma mai ciki a ƙauyukan nan ta wannan hanyar za a fita da ita. Abin ya tsaya mini a rai. Mun kuma wuce wuraren da itatuwan kwakwa suka zama sanduna babu kai, wata cuta ta cinye su.

Nan ne ƙarshen Gana ta kudu. Akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gina a 1925, tana kan duwatsu, igiya na dukansu ta gefe uku. 'Yar tsakiya ta karanta mana cewa wurin da layin da ya raba duniya arewa da kudu ya haɗu da wanda ya raba ta gabas da yamma yana cikin tekun nan, kimanin kilomita 570 daga inda muke tsaye. Ta dubi ruwan ta dube ni ta ce, "Baba, nan ma ƙasarmu ce?" Na ce ƙasarku ce, kamar Aboabo. Na lura ban taɓa faɗa wa kaina haka ba. An haifi Inna a ƙasar nan, an haife ni, amma har yau idan muka ce gida wani lokaci arewa muke nufi, kudu kuma wurin wasu.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare wani daga cikin matasan ƙauyen da ke sintirin kare kunkurun teku ya zo ya kira mu a hankali, domin tun da yamma na roƙe shi. Lokacin ƙwansu ne. Ya ce a kashe tocila, kada a yi magana da ƙarfi, a tsaya ta bayanta. Muka bi shi a duhu har muka ga sawu a yashi kamar na tayar tarakta, ya fito daga ruwa. Tana can sama, girmanta ya kai faifan tuwon biki, ta riga ta haƙa rami da ƙafafun baya. Ya haska jar fitila ƙasa-ƙasa. Ƙwai na faɗowa biyu-biyu, uku-uku, farare, masu laushi. Tana numfashi da ƙarfi kamar mai naƙuda, ruwa na gangarowa daga idonta. Auta ta raɗa mini, "Kuka take yi?" Matashin ya ce gishiri take fitarwa. Ya ce takan zuba wajen ɗari, su yi kusan wata biyu a yashi, zafin yashin ne ke sa su zama maza ko mata, kuma idan sun ƙyanƙyashe haske suke bi, shi ya sa fitilar gida ke ɓatar da su su nufi tudu. Karnuka na tonewa, mutane ma na ɗiba, don haka suke kwana suna zagaye.

Ta gama, ta mayar da yashi, ta daddaɓe shi da cikinta, ta watsa wani a kai don ɓad da sawu, ta juya. Tafiyar da ba ta fi taku ashirin ba ta ɗauke ta kusan minti goma, tana ja tana hutawa. Inna, wadda na ɗauka ba za ta taso ba, tana tsaye a bayana da bargo. Da igiya ta ɗauke kunkurun ta ce, "Allah Ya raya miki." Uwargida ta ce amin.

Juma'a muka yi sallah a Zangon Agona Nkwanta, inda wani mai shago da ya ji Hausarmu ya hana mu biyan kuɗin burodi. Asabar muka je Beyin muka shiga kwalekwale kusan awa guda zuwa Nzulezu, ƙauyen da aka gina a kan turaku cikin tafki, ruwansa baƙi kamar shayin da ba madara. Wurin ya ƙayatar, amma ban sake ba. Titi ɗaya ne na katako, baƙi na bi suna leƙa ɗakunan mutane da waya a hannu. Na hana yara ɗaukar hoton kowa, muka gaisa, muka sa abin da ya sawwaƙa a asusun makarantarsu, muka juyo. Dajin Ankasa da na so mu ƙarasa, kuɗi da gajiya suka hana.

Lahadi muka biyo ta Tarkwa da Dunkwa da Obuasi, muka shiga Kumasi bayan isha'i. Washegari na shanya tantunan a kan katanga, yashi na zuba daga kowane lungu nasu. Maƙwabta suka yi ta shigowa yi wa Inna barka da dawowa. Ina jin ta daga tsakar gida tana ba su labarin agwada, da yaron da ya ƙi karɓar kuɗi, da kunkuru. Ta fito da wata robar ruwa da ban san ta cika ba, tana zuba wa kowace tsohuwa 'yar kaɗan a tafin hannu ta ɗanɗana. Da la'asar maƙwabcina mai gyaran rediyo ya tsaya a gaban katangar yana shafa tantin, ya tambaye ni mutum nawa yake ɗauka, kuma ko zan buƙace shi a hutun Ista.